Kwamfutar da Ke Suma a Kan Gada

Litinin, ƙarfe goma na safe

Likita ta ce mako shida. Ba aji, ba kasuwa, ba shara, ba hawa bene. Banɗaki kawai, in dawo in kwanta ta gefen hagu. Na ce mata ni malamar fiziks ce, ɗalibaina suna da jarrabawa wata mai zuwa. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Malama, kin fi ni sanin dalili." Na sani kuwa.

Littafin nan na shirin darasi ne. Tunda ba darasi, bari in cika shi da surutu.

Mijina Dogo (sunan tsokana ne, na fi shi tsawo da yatsu uku) ya rufe shagon ɗinkinsa jiya da rana, ya kinkimo kwamfutar da yake zana adon riguna da ita, ya ɗora ta a kan teburin guga, ya jawo teburin har gindin gado. Ya sa mini wasan tseren motar da muke yi a shekararmu ta farko, lokacin da ba mu da kujeru. Ya miƙo mini rimot ɗin wasan, ya ce, "Tunda an hana ki tafiya, sai ki yi gudu."

Wanda ke cikina wata bakwai ke nan. Muna ce masa Baƙo. Yau ya yi motsi sau tara kafin in gama shayi.

Talata, bayan la'asar

Inna ta iso, wato mahaifiyar Dogo, da jaka ɗaya da matashin kanta, don ta ce namu kamar an cusa musu duwatsu. Za ta zauna da mu har abin da Allah ya yi. Tana shiga ta ƙwace tsintsiyar da ke bayan ƙofa ta kai ɗakinta, wai kada ma in gan ta in yi sha'awa.

Na ci tseren cikin gari, na ci na bakin teku. Na shiga na dutse, wanda ake hawa ana shan kwana har a iso wata doguwar gada. Daidai kan gadar ruwan sama yake saukowa a wasan. Ina gaba, mota goma sha ɗaya suna bayana, sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Ba wani rubutu, ba gargaɗi. Can ta yi ƙit, ta tashi da kanta, ta nuna mini shafin farko kamar ba ita ba.

Na sake. Kan gada, ɗif.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya

Sau huɗu yau. Kullum kan gada, kullum da saukar ruwa.

Inna tana tsince shinkafa a bakin gado, ta ɗaga kai ta ce, "'Yata, na'urar nan taku farfaɗiya gare ta? Ta sake suma." Na yi dariya har sai da ta ce in rage, kada in girgiza mata jika.

Na ji daɗin matsalar nan, gaskiya. Ga abin da zan iya bi a hankali har in gano kansa. Yadda nake gaya wa 'yan ajina: a canza abu ɗaya, a gwada, a rubuta. Ba a canza biyu tare.

Na farko, wutar gida. Na sa Inna ta zuba wa ƙwan fitila ido yayin da nake tuƙi. Kwamfuta ta suma, ƙwai bai ko ƙifta ba. Inna ta ce ita dai idonta ne ya ƙifta.

Alhamis, da yamma

Dogo ya cire doguwar wayar da muke jona komai a kanta, ya sa kwamfutar kai tsaye a soket ɗin bango. Ta suma. To, ba wayar ba ce. Na soke ta a jerin.

Baƙo, sau sha ɗaya.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Na buɗe wurin da kwamfuta ke ajiye labarin abin da ya same ta. Duk lokacin da ta mutu, abu guda ta rubuta: wuta ta ɗauke mata ba zato, ba ta san dalili ba. Na karanta wa Dogo. Ya ce, "Ashe ita ma irin amsar da suka ba mu a asibiti ke nan." Sai ya ga fuskata, ya tashi ya ce bari ya duba ko ruwa ya tafasa. Babu ruwa a wuta.

Bara ma a mako na talatin ne muka rasa cikin. Saura kwana goma mu kai. Shi ke nan, na rufe wannan maganar.

Lahadi, bayan azahar

Inna ta karɓi rimot!

Hannuna ne ya gaji, na ce ta riƙe mini. Ta ce ita da ko keke ba ta taɓa hawa ba. Na nuna mata na gudu da na birki. Ta kama hanya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, tana bin gefen dama, duk motar da ta zo wucewa sai ta kauce ta ce, "Wuce, ɗana, Allah ya kiyaye hanya." Na ce, "Inna, tsere ne fa, so ake ki riga su." Ta ce, "Ina za su da ba za a je ba?"

In za ta sha kwana, da jikinta duka take sha. Saura kaɗan ta faɗo daga kujera. Dogo ya shigo ya tarar da mahaifiyarsa ta karkace gefe guda, ɗankwali ya zame, tana ce wa wata jar mota marar kunya. Ya tsaya a bakin ƙofa da leda a hannu, baki buɗe. Ta ce, "Kai, matsa, ka tare mini haske."

Minti ashirin ta yi kafin ta iso gadar da nake isa a minti shida. Ruwa ya sauko, kwamfuta ta suma. Inna ta ajiye rimot a cinya, ta ce, "Wallahi da gangan take yi."

Talata, ƙarfe sha biyu

Inna ta dafa saman akwatin bayan ta suma, ta ce, "Zazzaɓi ne. Taɓa ki ji." Na miƙa hannu, zafi rau. Ta ɗauko maficinta ta zauna tana yi wa kwamfuta fifita ta ramukan gefe, ni kuma ina tuƙi. Na so in yi dariya, amma sai ga ni a tsakiyar gada, wurin da ban taɓa kaiwa ba. Nan ta mutu.

Na sa manhajar auna zafi. A tseren gari, digiri saba'in. A kan gada, casa'in da biyu. Dalilin a fili yake: zana ruwan saman nan, ɗigo dubu-dubu da walƙiya da hasken fitilu a kan kwalta, shi ne aiki mafi nauyi a duk wasan. Nan take yin gumi.

Na ce wa Inna ta ci maki goma cikin goma. Ta ce a rubuta mata a takarda ta nuna wa ɗanta.

Laraba, da safe

Baƙo, sau bakwai. Jiya goma ne. Likita ta ce kada in mai da ƙirga sana'a.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Yau aka yi wa kwamfuta wanka. Inna ta ce ba za a buɗe ta a ɗakina ba, ƙura za ta sa ni atishawa, atishawa kuma ba ta cikin abin da likita ta yarda da shi. Sai Dogo ya fitar da ita baranda, ya kira ni ta bidiyo daga taku goma, ina kwance ina ba da umarni.

"Cire wayar wuta tukuna. A'a, daga bango. Yanzu taɓa ƙarfen ƙofa da hannunka. Kwance dunƙulallun kusoshin nan biyu na baya."

Da murfin ya buɗe sai na ji ya yi salati. Shekara huɗu tana zaune kusa da keken ɗinki tana shaƙar burbushin zare. Fankar ciki ta yi gemu. Ƙurar ma mai launi ce: shuɗi, ja, ruwan zinariya. Dogo ya riƙa zaro ta da hantsaki yana gane masu ita. "Wannan na rigar shugaban makarantarku ce. Wannan kore na matar mai kemis ne, wadda ta sa na farke hannu sau uku." Ya riƙe fankar da yatsa yadda na ce, ya bi ta da burushin keken ɗinki, ya hura sauran da famfon tayar keke. Ya shigo da gira fara fat, Inna ta ce ga tsohon da ya girme ta.

Zafi ya sauko zuwa saba'in da huɗu a kan gada. Na wuce tsakiya. Na hango ƙarshenta, har da tutoci. Na fara ihu.

Ɗif.

Dogo ya zauna a ƙasa. Inna ta ce, "To, zazzaɓi ya sauka, saura farfaɗiyar."

Lahadi, bayan la'asar

Na sabunta manhajar katin hoto, wato ɓangaren da ke zana duk abin da ake gani a wasan. Ta suma. Dogo ya zare siraran allunan ƙwaƙwalwarta guda biyu, ya goge bakinsu da abin goge fensir ɗina, ya mayar har suka yi ƙas. Ta suma. Abu biyu na canza a rana ɗaya, na karya dokata. Kada 'yan ajina su ji.

Inna ta daina ba da hanya. Yau ta matse wata farar mota a jikin dutse, ta ce, "Jiya ma kai ne."

Talata

Mako na talatin.

Talata, ƙarfe huɗu

Ban kunna komai ba. Dogo bai je shago ba, wai ba shi da aiki, alhali wayarsa sai ƙara take yi yana kashewa. Ya zauna yana datse mini farcen ƙafa, abin da bai taɓa yi ba, kuma bai iya ba.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Asibiti. Ba zan rubuta abin da na gani ba.

Alhamis, da hantsi

An kwantar da ni a ɗaki mai gado huɗu. Sun ɗaura mini wani bel a ciki. Da farko shiru, nas tana matsar da abin nan da can, ni ina kallon wani tabon ruwa a silin. Sai ga shi. Bugun zuciyarsa ya cika ɗakin, da sauri, kamar keken Dogo idan mai kaya na tsaye a kansa. Dogo ya juya ya fuskanci bango, ya daɗe yana karanta takardar wanke hannu.

Da ya fita neman ruwa, Inna ta matso da kujera, ta kama hannuna. Ta ce, "'Yata, ni sau biyu, kafin Dogo. Shi ma bai sani ba." Ta gaya mini sauran. Ba nawa ba ne, ba zan sa a takarda ba. Mun yi kuka kaɗan, sannan ta fyace hanci ta ce, "Kuma kin ga abin da na samu a ƙarshe, ko tsawo babu." Matar gadon kusa ta tambaya me ya ba mu dariya haka.

Asabar, da yamma

Mun dawo gida. An yi mini allurai biyu don huhunsa, ko da zai yi gaggawa. Likita ta ce kowace rana riba ce.

Sau goma sha biyu. Ɗaya har rimot ya yi tsalle daga kan cikina.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya

Na koma aiki. Na rage wa wasan ado: na kashe inuwa, na rage kyan ruwan sama har ya koma kamar ana zuba tsinken ashana. Na haye gada lafiya! Amma ban ƙirga shi ba. Wannan lallashi ne, ba magani ba. Abin da ya nuna mini shi ne, in aiki ya yi nauyi take faɗuwa, kuma ba zafi ba ne yanzu.

Na tsare Dogo da tambaya. Ashe shekara biyu da suka wuce ya sa an ƙara mata babban katin hoto, don zanen adonsa ya daina tsayawa. Na ce, "Da aka sa shi, an canza akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta?" Ya ce, "Akwai wani akwati kuma?" Na ce ya kawo kunnensa in ja, tunda ba zan iya tashi ba. Ya kawo.

Laraba, bayan azahar

Na kira Injiniya, ƙawata mai koyar da kwamfuta a makarantarmu. Na karanta mata jerin duk abin da na gwada. Ta ce, "Ke da aka ce ki huta?" Na ce wannan ne hutun. Ta ce ita ma zarginta kan akwatin wutar yake: ya tsufa, kuma tun asali ƙarfinsa bai kai na katin ba. In katin ya nemi wuta da yawa lokaci guda, sai ya kasa, ya saki komai. Tana da wani mai ƙarfi a gida da ba ta amfani da shi. Za ta kawo ranar Asabar.

Ta ce 'yan ajina sun gama jarrabawa, kuma wanda ya riƙe mini ajin ya ce su suka koya masa yadda nake zana da'irar lantarki. Na yi kamar ban damu ba. Na sa ta maimaita.

Alhamis

Mako talatin da ɗaya da kwana biyu. Ƙafafuna sun zama burodi.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta wannan tun da zafinsa.

Injiniya ta zo da akwatin a cikin jakar kasuwa, tare da ayaba. Wannan karon Inna ta yarda a yi aikin a ɗaki, tunda ba ƙura. Injiniya ta ce ba za ta taɓa ba, Dogo ne zai yi, ita da ni mu ne masu duba jarrabawa. Ya ɗauki hoton kowace waya kafin ya zare ta. Ya ciro tsohon, muka haska cikinsa da tocilan ta ramukan iska: wasu 'yan gwangwanaye biyu sun kumbura, ɗaya har ya yi tsatsa a ka. Dogo ya ɗauko sukuddireba zai buɗe ya gani da kyau, ni da Injiniya muka daka masa tsawa tare, don abin yana riƙe wuta ko an cire shi daga bango. Inna ba ta san dalili ba, amma ita ma ta ƙara masa tata.

Ya sa sabon, ya bi hotuna ya jona komai. Ya danna. Shiru. Gumi ya karyo masa. Injiniya ta leƙa baya, ta kunna ɗan makunnin da ke jikin akwatin. Fanka ta juya.

Na mayar da adon wasan har ƙarshe, inuwa da walƙiya da komai. Na ɗauki rimot, sai na ga yadda Inna ke kallonsa. Na miƙa mata.

Ta gyara ɗaurin ɗankwali. Ta hau dutsen nan tana faɗa da kowa. Ta iso gada, ruwa ya sauko. Rubu'i. Tsakiya. Dogo ya kama babban yatsan ƙafata ya matse bai sani ba. Ta goge jikin ƙarfen gada, tartsatsi ya tashi, ta ce, "Ba komai, fenti ne." Ga tutoci. Ta wuce su.

Ta zo ta goma sha ɗaya cikin goma sha biyu. Ta miƙe tsaye da rimot a sama, tana tambaya, "Wane ne na bayana? Jar motar ce?" Jar motar ce. Ta zagaya ɗakin tana taka rawa, Injiniya tana tafa mata, maƙwabciya ta ƙwanƙwasa ƙofa a firgice ta zaci haihuwa ce.

Mun sake sau biyar, don gwaji ɗaya ba gwaji ba ne. Ba ta suma ba ko sau ɗaya. Na ja layi biyu a ƙarƙashin jerin.

Talata, da safe

Dogo ya ce yaushe za a mayar masa da kwamfutarsa, aiki ya taru. Inna ta ce wace kwamfutar?

Juma'a

Kwana goma ban yi rubutu ba. Talatin da uku da rabi. Na zo ta ɗaya a tseren dutse. Inna ta bakwai, kuma ta ce rimot ɗina ya fi nata, alhali guda ɗaya ne.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Bayana yana ɗaurewa yana saki tun hantsi. Na auna da agogo: minti goma sha biyu, goma, goma, takwas. Inna ta karɓe agogon, ta ce in daina rubutu. Dogo yana hanya.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Baƙuwa ce.

Kilo biyu da ɗan ɗori. Ta zo ranar Laraba kafin faɗuwar rana, da ihun da nas ta ce ya fi ƙarfin jikinta. Kwana huɗu ta yi a cikin akwatin gilashi, ina zura hannu ta wata 'yar taga ina taɓa tafin ƙafarta. Yau da safe suka ciro ta suka ɗora mini a ƙirji. Likita ta ce in ta ci gaba da sha haka, ranar Alhamis sai gida.

Nas ta ce a kawo kayan da za a sa mata. Na rasa abin cewa, don ban tanadi ko hula ba. Tun farkon cikin nan na sa Dogo ya yi mini alkawari ba zai saya ba, ba zai ɗinka ba, sai mun gani da idonmu. Na fara yi wa nas bayani, sai ya sunkuya ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin kujera, yana kallon ƙasa. Riguna goma sha huɗu. Wata biyar yana ɗinka su a shago yana ɓoyewa a cikin buhun ƙyalle. Na ce, "Alkawarin fa?" Ya ce, "Na karya. Ki ja kunnen."

Muka gwada mafi ƙanƙanta. Ta nutse a ciki, hannun rigar ya wuce yatsunta da rabin taƙi. Inna ta ce shekara ashirin yana ɗinki bai iya awo ba.

Yanzu haka yana tsaye a kanta da tef a wuya. Ya auna kafaɗa, ya auna hannu, tana barci ba ta san ana yi ba. Ya nemi takardar da zai rubuta awon bai samu ba, ya ce in ba shi littafin nan. Na ce ya faɗa in rubuta masa.

Kafaɗa, inci biyar. Hannu, huɗu da rabi.